Kurakuran da ake yi wajen karanta jaridun tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu

Jaridun 1919 zuwa 1939 cike suke da harshe irin na saje a filin fareti: a yi kaza, an hana kaza, wajibi ne. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne su ɗauka edita ne ke magana. A Jamus, tun daga 1933, ma'aikatar farfaganda ta Goebbels, ministan Hitler, ke tara wakilan jaridu a Balin kullum, ta faɗa musu labarin da za a sa a gaba da wanda za a binne, wani lokaci har kalmar da za a zaɓa. Dokar editoci ta Oktoban 1933 kuma ta ce sai mai rajista zai yi aikin, aka fitar da Yahudawa. A Italiya takardun umarni ake aika wa editoci, ana ce musu veline. Saboda haka in jaridu biyar suka fito da kanu iri ɗaya rana ɗaya, kada a rubuta cewa bakin jama'a ya zo ɗaya. A jera su, a ja layi ƙarƙashin jimlolin da suka maimaitu baƙi da baƙi, sannan a nemi tambarin kamfanin dillancin labarai: DNB a Jamus, Stefani a Italiya.

Wajen fassara, "an" ɗinmu ne tarko. "An hana taro" yana da daɗin karatu, amma ya haɗiye wanda ya hana. In asalin ya ambaci ɗan sanda ko jam'iyya, a ambace shi. In asalin ne ya ɓoye, a bar shi a ɓoye, a yi bayani a gefe, don ɓoyewar da gangan ce. Haka batun voi da lei, kalmomin Italiyanci biyu na yi wa mutum magana da girmamawa: a 1938 gwamnatin Mussolini ta tilasta voi a madadin lei. Mai fassara da ya mai da duka biyun "ku" ya share shaidar biyayya ko bijirewar marubuci.

Wasu kuma suna zaton sai a ƙasashen kama-karya gwamnati ke magana ta bakin jarida. Lokacin yajin aikin gama-gari na Mayun 1926 gwamnatin Birtaniya ta buga jaridarta, British Gazette, Churchill ke jan ragamarta. Sai dai a nan akasin kuskuren ake yi: sharhin jaridar The Times ta Landan na 7 ga Satumban 1938, da ya kawo shawarar Cekoslobakiya ta sakar wa Jamus yankin Sudeten, ƙasashen waje sun ɗauke shi matsayin gwamnati, har ma'aikatar harkokin waje ta fito ta nesanta kanta.

Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara a Zariya a Janairun 1939, ita ma sai an tace. A raba sanarwar gwamnati da nasihar editanta, Abubakar Imam, don duka biyun da "a yi" suke zuwa. Abin dubawa shi ne ko an ambaci Gwamna ko Razdan, da ranar da umarnin zai fara aiki, da tarar da za a ci wanda ya saɓa.