Yadda Ake Kafa Wurin Cajin Motocin Lantarki a Karkara

Kafin a sayi ko da guntun waya, a samu mutum ya zauna bakin hanya na mako guda yana ƙirga abin hawan da ke wucewa. Babura ne suka fi yawa, ko masu ƙafa uku, ko ƙananan motoci? Batirin babur mai lantarki galibi kilowat-awa (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka) 2 zuwa 4 ne, na ƙaramar mota kuwa yakan kai 40 zuwa 60. Idan masu babura ne za su riƙa zuwa, rumfar musayar batir ta fi musu: mutum ya ajiye wanda ya ƙare, ya ɗauki cikakke, ya kama gabansa.

Mataki na biyu shi ne wuta, kuma nan ne akasarin ayyuka ke karyewa. A sa ma'aikacin kamfanin rarraba lantarki ya auna nauyin da taransfoma ke ɗauka da magariba, lokacin da kowane gida ya kunna fitila. Na'urar caji mai sauri tana jan kilowat 50 zuwa sama. A jibga wa ƙaramar taransfomar ƙauye wannan kaya, sai ta ƙone, gari ya kwana cikin duhu, jama'a su tsani aikin tun bai zauna da gindinsa ba. Ni dai shawarata a fara da mai kilowat 7, ko mai 22 idan layin mai fes uku ne, wato mai wayoyi uku masu ɗauke da wuta. Mai 7 ɗin takan ƙara wa mota tafiyar kusan kilomita 40 cikin awa ɗaya, kuma wannan ya ishi wanda ya zo cin kasuwa ko duba mara lafiya.

Inda babu layi, ko wutar sai ta ga dama, sola ce mafita, amma sai da lissafi. A ƙasa mai rana sosai, kilowat ɗaya na faifan sola yana ba da kilowat-awa 4 zuwa 5 a yini. Mota na cin kamar kilowat-awa 15 zuwa 20 a tafiyar kilomita 100. Idan motoci huɗu za su sha 20 kowacce, ana neman 80 ke nan, wato faifai na kilowat 16 zuwa 20, a ɗan ƙara saboda ƙura da hadari. Batirin ajiya kuwa a zaɓi nau'in batirin lithium da ake kira LFP, ya fi jure zafi, ya fi daɗewa.

Sai wuri. A kafa inda mutane ke daɗewa dama, kan tudun da ruwa ba ya kwanciya, a yi rumfa, don zafi na sa na'ura ta rage gudu.

A duba bakin caji kafin a biya kuɗi. Motocin Turai Type 2 da CCS2 suke amfani da su, waɗanda aka ƙera don kasuwar Sin GB/T, tsofaffin Nissan Leaf kuma CHAdeMO. Wanda bai duba ba zai iya kafa na'urar da babu motar yankin da za ta shiga.

Tsaro ba a yi masa rowa. A binne sandar ƙasa, wato ƙarfen da ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, yadda ya kamata, a sa makatsar wuta mai gane yoyon lantarki, da abin kare tsawa, domin dogon layin karkara tsawa na yawan bin sa. Ƙwararren mai lasisi ne kaɗai zai haɗa.

Tunda sabis na yankewa, a ɗauki na'urar da ke aiki da kati ko ba intanet, a kuma riƙa karɓar kuɗi bisa adadin wutar da aka sha.

Tun ranar haɗawa a tsayar da mutum biyu 'yan garin kusa da injiniya su koya. Su ne za su wanke faifai duk mako, su danna maɓallin gwajin makatsar wuta duk wata, su duba ko ɓera ya ci waya. A bar musu kebul ɗaya na ko-ta-kwana a ajiye, da lambar mai gyara rubuce a jikin rumfar.