Yadda Ake Gano Dalilin Misin da Faɗuwar Fireshar Mai a Hilux Mai Fetur

Yawancin yaran gareji, da an kawo musu Hilux tana misin, wato wata silinda ba ta ƙona mai yadda ya kamata, maganar farko ita ce, "Alhaji, a sayo filogi." An sa filogi huɗu ba ta daina ba, sai a ce kwayil, wato abin da ke ba filogi wuta. Shi ma bai yi ba, sai a sauke tanki a canza famfon mai. Aljihun mai mota ya huje, alhali ba wanda ya auna komai. Ni a wurina doka ce, ba a aika kowa kasuwa sai an ɗaura geji, wato ma'aunin fireshar mai.

Maganata a kan injin fetur ɗin nan ce na lita 2.7, wato 2TR-FE, mai silinda huɗu, kowace da kwayil ɗinta a kan filogi. Dizal karatunsa daban.

Fara da direba. Tambaye shi yaushe take yi: a silo ne, wato injin na aiki ba a taka totur ba, ko sai an loda kaya an kama hawa? Wadda ke karkarwa a silo amma ta saitu da an taka totur, sau da yawa iska take sha ta wani tiyo da ya tsage. Wadda kuwa ke lafiya a tsaye, sai an nemi ƙarfi ta fara tari tana ja da baya, ka zargi mai. Daga nan ka sa kwamfuta. A cikin lambobin da take fitarwa, P0301 zuwa P0304 suna nuna silindar da ke da laifi, lambar ƙarshe ita ce silindar. Idan guda ɗaya ce, musanya kwayil ɗinta da na maƙwabciyarta, ka goge lambar, ka sake tayarwa. Laifin ya bi kwayil? Shi ke nan, ka kama ɓarawo. Amma idan P0300 ka gani, musamman tare da P0171, misin ɗin yawo yake yi kuma mai yiwuwa mai ne ba ya isar injin. Wuya ne kwayil huɗu su lalace rana ɗaya.

Kafin ka kwance bututun mai, zare fiyus ko rilen famfo, ka tayar da mota ka bar ta ta mutu da kanta. Na ga wanda fetur ya fesa wa a ido saboda ya tsallake wannan. Ɗaura geji a layin da ke kai mai wa nozul, ka mayar da fiyus, ka tayar. Wannan injin yana son fireshar mai ta kai wajen psi 40 a kan geji. Kuma kada ka ce famfo ya mutu don ka murɗa makulli ba ka ji kukansa ba, Toyota da yawa ba sa kunna shi sai injin ya fara juyawa.

To, ga inda kowa ke faɗuwa, ni ma nan na faɗi. An taɓa kawo mini wata da ke ɗaukar kayan gwari daga Jos. A gareji allurar geji tana tsaye cak a kan 40, na ce mai ba shi da laifi. Muka canza filogi, muka wanke nozul, mai ita ya tafi. Da ya koma ɗauko kaya, ya kama Hawan Kibo da buhunan taki a baya, sai ga wayarsa: "Oga, ta koma gidan jiya." Abin da ban yi tunani ba shi ne, a silo injin ɗan mai kaɗan yake sha, ko famfon da ya gaji zai iya riƙe firesha. Sai totur ya buɗe gaba ɗaya asirinsa ke tonuwa. Saboda haka ka ja tiyon geji ta gefen bonet, ka manna shi a gilashin gaba ta waje, ban da cikin mota, ka sa wani ya tuƙa kai kana kallo. Ku nemi hawa, ku taka a giya ta uku. Tata allurar na gani da idona tana zamewa ƙasa da 30 daidai lokacin da motar ta fara jijjiga.

Ko an ga haka, kada a yi saurin yanke wa famfo hukunci. Filta ita ce mai arha, da ita za ka fara. Zazzage ta a farin kwano ta gefen da mai ke shiga, in ka ga tsatsa ko laka ka san halin da cikin tanki yake. Sai wuta. Ɗauki mita ka auna a soket ɗin da ke kan tanki injin yana aiki, ka kwatanta da abin da ke kan batir, wanda ya kamata ya kai wajen bolt 14 na ƙarfin wuta. Idan tazarar ta kai bolt guda, famfon yunwar wuta yake ji, ka bi rile da wayar at, wato wadda ake ɗaurawa a jikin ƙarfen mota. A waccan motar bolt 10 da 'yan kai ne ke isa, bakin soket ɗin ya ƙone ya yi baƙi. Da na sa sabon famfo a kan wannan wayar, da shi ma ya bi sahun na farko. Rewaya, wato mai gyaran wayoyin mota, ya gyara, allura ta daina motsi.

In wuta ta cika, filta sabuwa ce, firesha kuma tana faɗuwa, to sauke tanki. Duba rariyar da ke gindin famfo kafin ka jefar da shi. Ni dai na fi son famfo na asali ko da na hannu ne a kan sabo marar suna a kwali mai ƙyalli, arharsa ba ta kai wahalar sauke tanki sau biyu ba. Ka kuma faɗa wa direba ya daina yawo da fitilar ƙarancin mai a kunne, fetur ɗin ne ke sanyaya famfon.

Akwai gwaji ɗaya da ba ya cin ko sisi. Kashe mota ka zuba wa geji ido minti 5. Bai kamata allura ta sauka ƙasa da psi 21 ba. In ta zube nan take, ko wani nozul yana ɗiga, ko bawul ɗin famfo ba ya riƙewa, ko mai daidaita firesha ya saki. Ciro filogi, wanda ya jiƙe yana warin fetur shi zai nuna maka nozul ɗin. Irin wannan motar ce ake daɗewa ana murɗa mata makulli kafin ta tashi.

Idan an sha mai a wurin 'yan bumburutu kwanan nan, tsiyayi kaɗan a kwalba ka ajiye, ruwa zai kwanta a ƙasa. Firesha lafiya amma silinda ɗaya ta ƙi? Auna nozul ɗinta, wajen om 12 ake nema a kan mita, sannan ka auna matsin silindar. Kuma muddin wutar injin tana ƙyaftawa a dashbod, kada a ci gaba da tafiya, ɗanyen fetur ne ke gangarawa salansa yana dafa abin nan mai tace hayaƙi da muke kira indomi.