Yadda Ake Tsarma Maganin Paclitaxel Ba Tare da Ya Lalace Ba

Paclitaxel maganin sankarar mama da ta ƙwan mace da ta huhu ne, wanda aka fara samowa daga ɓawon wani itace da ke tsirowa a arewa maso yammacin Amurka, kuma Monroe Wall da Mansukh Wani ne suka bayyana tsarinsa a 1971. Da ƙyar yake narkewa a ruwa, shi ya sa yake zuwa cikin kwalba a narke cikin man zurma da aka sarrafa haɗe da etanol, miligiram 6 a kowace mililita. Muddin yana cikin kwalbarsa da kwalinsa a zafin digiri 20 zuwa 25 na ma'aunin Celsius, yana zaune lafiya. Matsalar tana farawa ne daga lokacin da aka tsarma shi.

Kafin mai haɗa magani ya zuƙo ko ɗigo ɗaya, sai ya sa safar hannu ya duba mazubin da zai yi amfani da shi. Kada a kusantar da maganin ga ledar ƙarin ruwa ta robar PVC, domin man zurman yana tatso DEHP, sinadarin da ke sa roba laushi, daga jikin robar ya shigar da shi jinin majinyaci. A nemi kwalbar gilas ko mazubin robar polypropylene, a kuma sa matata wadda hudojinta ba su wuce maikuron 0.22 ba a kan bututun.

Ana tsarma shi da ruwan gishiri na kashi 0.9 cikin ɗari ko ruwan sukari na kashi 5, har ƙarfinsa ya sauka tsakanin miligiram 0.3 da 1.2 a mililita. A juya mazubin a hankali, kada a jijjiga shi, domin jijjigar tana sa maganin ya fita daga narkewa ya kwanta kamar gari. A rubuta lokacin haɗawa a jikin mazubin nan take, tunda wa'adinsa awa 27 ne a zafin digiri 25. A ganina wannan adadi yana ruɗin mutane, domin a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, idan wuta ta ɗauke, ɗaki yana wuce wannan zafi nesa ba kusa ba, don haka ya fi kyau a haɗa shi dab da lokacin ɗaurawa.

Kada a gauraya shi da wani magani. Ya fi daɗewa a ruwa mai ɗan tsami, wato 3 zuwa 5 a ma'aunin tsami na pH, amma a ruwa mai kaifin kanwa sassansa suna ɓallewa ya koma wasu sinadarai irin su baccatin III, kuma ido ba ya ganin wannan lalacewa.

Abin da ido yake gani shi ne gudaji. A ɗaga mazubin zuwa haske a duba: ɗan dishi-dishi na man zurma ba laifi ba ne, amma idan aka ga ƙwayoyi suna yawo ko sun kwanta a ƙasa, sai a jefa shi a kwandon sharar magungunan sankara a haɗa sabo.