Yadda za ka gano littafin da ka karanta kana yaro

Ana yawan yi mini wannan tambaya, to ga matakan:

1. Rubuta duk abin da ka tuna na labarin, ko da sunan mutum ɗaya ne.
2. Ƙiyasta shekarar da ka karanta shi.
3. Kwatanta bangon: launi, zane, kauri.
4. Ware abin da ka tabbatar daga abin da kake zato.

Hattara, nan ake tafka kuskure. Ƙwaƙwalwa kan haɗe littattafai biyu su zama ɗaya, sai masu taimako su yi ta lalube a banza.

5. Kai bayanin ga masu karatu, musamman tsararrakinka.
6. Nemi hoton bangon duk littafin da aka ambata.
7. Karanta shafukan farko kafin ka ce shi ne. Bango kan canza in an sake bugawa.
8. In an dace, koma ka sanar da su.