Yadda na ceto mangwaron da aka dasa da girmansa

Mangwaron ya kai shekara bakwai lokacin da aka ciro shi daga filin da za a yi gini. Bai daɗe a gidanmu ba ganye ya fara yaushi yana zuba. Ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa sun tsinke wajen haƙa, ga rassa cike da ganye suna neman ruwa.

Na rage rassan, na tsinke furannin gaba ɗaya. Na tada ƙasa kewaye da gindin, ina zuba ruwa a hankali da yamma har ya ratsa. Yayyafi ba ya kai wa saiwa. Kafin in ƙara sai in tura yatsa. In da danshi in bari, don ruwa in ya yi yawa saiwa ruɓewa take.

Na shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ban bari ta taɓa jikin itacen ba saboda gara. Iskar hunturu na girgiza shi, sai na kafa turaku uku na ɗaure da tsohuwar roba. Maƙwabcina ya matsa in zuba takin zamani, na ƙi, yana ƙona sabuwar saiwa. Sai da toho ya fito da damina na kwance ɗaurin, na sa takin gargajiya nesa da gindi.