Yadda Za Ka Motsa Idan Sabo Ya Ɗaure Ka Wuri Ɗaya

Hausawa sun ce sabo turken wawa, amma sabo yana da ranarsa: shi ke sa ka tashi, ka shirya, ka kama hanyar aiki ba tare da ka wahalar da ƙwaƙwalwa ba. Binciken masaniyar halayyar ɗan'adam Wendy Wood a Amurka ya nuna kusan kashi 43 cikin 100 na ayyukan yau da kullum bisa sabo ake yin su. Matsala tana farawa ne sa'ad da mako guda zai wuce ba ka yi abu ko ɗaya da ya ba ka wuya ba.

Fara da rubutu. Kwana bakwai kana rubuta abin da ka yi a kowace awa, har da zaman latsa waya. Kada ka gyara komai tukuna. Daga nan ka ja layi ƙarƙashin duk abin da ka yi don kawai ka saba.

Zaɓi ɗaya tak. A nan aka fi faɗuwa: mutum ya ɗauko gyara biyar rana guda, kafin sati biyu ya gaji ya watsar da su duka.

Kowane sabo yana da abin da ke tayar da shi, galibi lokaci ko wuri. Kada ka yi kokawa da lokacin, aikin za ka musanya. Rubuta shi ƙarara: "Idan na dawo gida da yamma, zan ajiye waya a wani ɗaki, in yi minti 20 ina koyon abu kaza." Irin wannan shiri na "idan... to..." masanin halayyar ɗan'adam Peter Gollwitzer ya nuna ya fi niyya zalla aiki, domin an riga an yanke shawara tun kafin gajiya ta zo. Abin da za ka koya kuwa ya zama ya ɗan fi ƙarfinka. Wanda kake iya yi ido rufe ba zai ƙara maka komai ba.

Sai haƙuri. Binciken masaniyar halayyar ɗan'adam Phillippa Lally a Landan ya gano matsakaicin lokacin da ɗabi'a ke zama jiki kwana 66 ne, wasu 18, wasu har 254. Tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin, saboda haka in ka kuskure yau, gobe ka ci gaba.

Duk ƙarshen wata ka duba: in aikin ya koma da sauƙi, ƙara masa nauyi, ko ka nemi wanda ya fi ka iyawa ya nuna maka inda kake kuskure.