Darasi na Bakwai: Tayar da Fijo 504 da ta daɗe a ajiye

'Yan uwa ɗalibai, sannunku da ƙoƙari. Da yawanku kun faɗa mini akwai tsohuwar Fijo a gidajenku, ta mahaifi ko ta wa, tana tsaye a ƙarƙashin rumfa shekara uku, wata shekara biyar, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi. Motar nan tun 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, daga 1975 kuma aka riƙa harhaɗa Fijo a Kakuri, Kaduna, shi ya sa har yau ba a rasa makaniken da ya san cikinta. Ba ta da kwamfuta. Abu uku take so ta tashi: mai, iska da wuta. Ku karanta a hankali, kuna bin layi da yatsa. Wanda ya tsaya a wata kalma, ya tambayi na kusa da shi, ba abin kunya ba ne.

Mataki na farko: a ajiye makulli

Ku sa makullin a aljihu. Ba yanzu za a murza shi ba. Ku buɗe bonet ku duba da ido. Ɓeraye kan yi sheƙa kusa da inji su ci waya, zanzaro kuma kan gina ɗakinsa a bakin salansa. Ku share, ku fitar. Sannan ku zaro sandar duba baƙin mai, ku goge ta da tsumma, ku mayar, ku sake zarowa. Akwai alama biyu a jikinta, ta sama da ta ƙasa, mai ya tsaya tsakaninsu. Idan ya yi kauri ko ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, a juye shi. Ku duba ruwan lagireto.

Mataki na biyu: tsohon fetur

Nan ne wurin da kusan kowa yake faɗuwa, don haka za mu zauna a kansa.

Fetur yana lalacewa. Mutane ba sa yarda da wannan, suna cewa ai mai ba tuwo ba ne. To, yana lalacewa. Idan ya daɗe a tanki, ɓangarensa mai saurin kama wuta yakan bi iska, sauran ya yi danƙo kamar ƙaro. Ban da haka, raɓa tana taruwa a cikin tankin da ba a cika ba, ruwan ya kwanta a ƙasa domin ya fi fetur nauyi, ƙarfen ya yi tsatsa. Da kun murza makulli, famfon mai zai zuƙo danƙon nan da ruwan da tsatsar, ya kai su cikin kafireta, wato wurin da mai ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji, inda ramukan mai suke ƙanana kamar kafar allura. Shi ke nan, sun toshe.

Saboda haka: a fitar da tsohon mai duka kafin a zuba sabo. Ku sake karanta wannan layin da ƙarfi. A fitar da tsoho, sannan a zuba sabo.

Ga yadda za ku gani da idonku. Ku samo kwalba mai haske, ku ɗebi man tankin kaɗan, ku ajiye ta a inuwa minti 10. Fetur mai kyau garau yake. Wanda ya lalace yakan yi duhu kamar shayin da ya daɗe a butar mai shayi, warinsa kamar na tsohon fenti. Idan akwai ruwa, za ku gan shi kwance a gindin kwalbar, da layi tsakaninsa da mai. Kun gani? Wannan shi kuke shirin ɗura wa injinku.

Ku zuƙe shi da tiyo mai famfon hannu zuwa cikin jarka. Ba da baki ba. Na san haka kuke ganin ana yi a bakin titi, amma fetur idan ya shiga huhu yana iya kisa. A yi aikin a fili, ba sigari, ba murhu kusa, a kori yara. Idan abin da ya fito akwai jan tsatsa a ciki, tankin sai an sauke shi an wanke, yana can baya. Ku canza filtar mai, ba ta da tsada. Ku matsa tiyoyin roba da yatsa, wanda ya bushe ko ya tsage a sauya shi.

Tambaya: tankina saura kaɗan, zan iya zuba sabo a kai ya haɗu? A'a. Ɗan kaɗan ɗin nan na ƙasa shi ne mafi muni, a nan ruwa da dattin suke.

A ajin bara wani dattijo ya zauna a layin gaba, ya karanta shafin nan tare da mu sau uku. Ya je gida ya ga tankin da ɗan mai, ya ji asarar zubarwa, ya ƙara lita 10 a kai. Motar ta tashi, ta kai bakin ƙofa, ta mutu. Ƙarshe sai da aka kwance kafireta, aka sauke tanki, sabon man ma ya tafi. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Ina magana kuna gyaɗa kai, kuna fita ku yi abin da kuka ga dama. Wanda ba zai fitar da tsohon mai ba, ya rufe littafin nan, kada ya wuce zuwa mataki na uku. Ku ɗauki fensir ku rubuta a littafinku sau biyar: tsoho ya fita, sabo ya shiga. Zan duba ranar Asabar.

Mataki na uku: batir

Batirin da ya yi shekaru a kwance ya mutu, ku aro wani. A jikinsa za ku ga 12V. Yana da kai biyu. Ɗaya da alamar +, mai kama da mararraba, shi ya fi kauri. Ɗayan da alamar −, layi ɗaya a kwance. Ku goge kawunan da samfefa har su yi haske. A fara ɗaura na +, na − ya zo ƙarshe. Wayar da ta tafi jikin ƙarfen mota ita ce ta −. Kada ku juya su.

Kafin ku ɗaura, kun fitar da tsohon man? Idan ba ku yi ba, ku koma baya.

Mataki na huɗu: fulogi

Guda huɗu ne. Ku sa wa wayoyinsu lamba 1, 2, 3, 4 kafin ku cire, domin kowace ta koma inda ta fito. Ku kwance fulogin, ku ɗiga baƙin mai kamar cokalin shayi a ramin da kowane ya fito, ku bari ya kwana. Ku goge fulogin ko ku sayi sababbi, sannan ku mayar da su da wayoyinsu.

Mataki na biyar: murza makulli

Giya a firi, birkin hannu a ɗage. Ku ja cok, wato abin da ke rage iska don inji mai sanyi ya kama, idan motarku na da na hannu. Ku murza daƙiƙa 10, ku huta minti ɗaya. Za ta ɗan jima kafin mai ya iso daga tanki. Idan kun ji ƙas kawai, inji bai juya ba, ku duba batir. Idan yana juyawa bai kama ba, ku ciro fulogi ɗaya: idan a bushe yake, mai bai iso ba, idan a jiƙe yake, wuta ce babu, a duba kontak da kwayil, masu kai wa fulogi wuta.

Mataki na shida: idan ta tashi

Za ta yi hayaƙi da farko. Ku leƙa ƙasa ko mai na zuba. Kada ku hau titi sai makanike ya duba birki da tayoyi.